Ni da Usmanu a Bahar Maliya

Jiya bayan la'asar ina zaune a wurin mai shayi nan Madain Fahd, na ji ɗayanku yana cewa, "Ai Baba Idrisa shi ya more. Kullum yana kan teku yana shan iska, Turawa suna ɗaukar hoto da shi, kuma a ce wai aiki yake yi." Sauran kuka yi dariya. Na shanye shayina na tashi. Amma tunda yau ga ku kun zo da ƙafarku kuna so in yi muku hanya a Abhur, inda jiragen baƙi suke, to ku gyara zama. Zan gaya muku abin da ke cikin aikin, sannan kowa ya je ya yi shawara da zuciyarsa.

A Bur Sudan aka haife ni. Kakanninmu sun taso daga ƙasar Hausa da niyyar aikin hajji, suka yada zango a bakin ruwa, zangon ya zama gida. Saboda haka teku ba baƙuwata ba ce, tun ina ƙarami nake iyo. Da na ƙetaro Jidda ina saurayi, gani nake babu abin da wani zai koya mini a kan ruwa. Kafilina, wato wanda ya ɗauki nauyin zamana a ƙasar, ya haɗa ni da wani tsohon nahuda, wato mai tuƙa jirgi, ana ce masa Ammu Salim, haifaffen Balad, tsohon garin Jidda, wanda ubansa da kakansa duk masunta ne.

Aikin farko da Ammu Salim ya ba ni shi ne kankare ƙasan jirgi. An jawo jirgin kan tudu an tokare shi da katako, ya miƙo mini wani ƙarfe mai faɗin baki ya ce, "Yalla." Jirgin da ya daɗe a ruwa yakan tara gansakuka da wasu ƙananan katantanwa masu kaifi, su manne masa kamar siminti. Rigingine kake kwanciya kana kankarewa, suna zubo maka a fuska, suna yanka maka yatsu, gishiri yana shiga ciwon. In ka danna ƙarfen da yawa ka ci jikin jirgin, in ka sassauta ka bar saura. Ammu Salim yakan zo ya shafa da tafin hannunsa, ido a rufe. In ya ji ƙurji ko ɗaya ba ya faɗa, sai dai ya kama hannuna ya ɗora a wurin. Na daɗe ina wannan, da wankin injin, da naɗe igiya, kafin ya bar ni in taɓa sitiyari.

Ko da ya fara fita da ni, a goshin jirgi yake tsayar da ni. "Shuf al-lon, ya waladi," in ji shi, wato in dubi launin ruwa. Inda ruwa ya yi shuɗi mai duhu kamar rinin baba, akwai zurfi, wuce abinka. Inda ya yi kore mai haske, yashi ne a ƙasa. Inda kuwa ya yi ja-ja kamar shayin da bai ji madara ba, to sha'ab ne, dutsen murjani, yana nan dab da saman ruwa yana jiran cikin jirginka. Gaɓar Jidda cike take da shi. Shi ne arzikinta, shi ne kuma ya farfasa jiragen da har yau baƙi ke zuwa su nutsa su kalli gawarsu. Ba a shiga tsakanin sha'ab rana tana dukan fuskarka, don ruwan zai zama madubi, ba za ka ga komai ba. Kuma ba a jefa anga a kan murjani. Ammu Salim yakan yi ta zagaye yana ƙona mai har sai ya sami filin yashi, don a cewarsa abin nan rai gare shi, kuma abin da anga zai karya cikin ƙiftawar ido, sai ka tsufa bai gama tsirowa ba. Yanzu akwai na'ura mai nuna zurfi da hanya. Ina da ita, ina kuma aiki da ita. Amma ranar da gishiri ya ci wayarta, idonka ne zai mai da mutane gida.

Sai iska. Iska biyu ke mulkin wannan teku. Shamal daga arewa take zuwa, da sanyinta, tana tayar da raƙuman ruwa amma a jere, kana ganin zuwansu. Azyab kuwa daga kudu take tasowa, da zafi da danshi, wani lokaci har da ƙura. Ita ba ta da alkawari. Kafin ka gan ta kana jin ta a jiki, riga ta manne maka, numfashi ya yi nauyi.

A zamanin Ammu Salim sana'ar su ake yi, wato kamun kifi. A fita da asuba, a kamo najil da hamur da harid, a kai Bangala, kasuwar kifi, kafin rana ta yi zafi. A hannuna ne aikin ya juya. Ƙasa ta buɗe ƙofa, baƙi suka fara shigowa ba don hajji ko umara kaɗai ba, har don su ga gari. Kafilina, Abu Faisal, ya sayar da jirgin su, ya sayi na baƙi, mai rumfa da kujeru da tsani, ya ce ni ne nahuda. Lokacin Ammu Salim ya riga ya ajiye aiki, ya koma gidan ɗansa a Bagdadiyya.

Yawancin waɗanda nake ɗauka ɗalibai ne, irin waɗanda jami'o'i ke musaya, su zo su yi 'yan watanni su koma ƙasashensu. Kafin su iso gare ni an riga an zagaya da su Balad, sun ga tsofaffin gidajen nan masu tagogin katako, an gaya musu da dutsen teku aka gina su. Sun je masallacin da ke kan ruwa, sun tsaya a Kurnish, titin bakin teku, sun kalli ruwan nan da ake harbawa sama. Teku ita ake bari ƙarshe. Kowa da irin tambayarsa. 'Yan Indunusiya da Malesiya suna hawa za su tambaye ka alƙibla. Turawa sunan kowane kifi suke so. Namu na Nijar da Najeriya kuwa, da yawansu ba su taɓa ganin ruwan da ba a hango ƙarshensa ba. Wata 'yar Damagaram ta taɓa riƙe ƙarfen rumfa da hannu biyu tana ta salati. Da ta ji na ce mata, "Sannu 'yata, saki jikinki," sai ta zaro ido ta ce, "Baba, kai Bahaushe ne? To don Allah, c'est profond?" Na ce mata da zurfi ƙwarai, shi ya sa za ta sa rigar ceto. Ranar ita ce ta ƙarshen fitowa daga ruwa, sai da aka yi ta kiranta.

Ku hoton kuke gani. Abin da ba ku gani, tun kafin su zo na duba mai, na duba batir, na gwada rediyo, na karɓo tasrihi, wato izinin fita, daga masu tsaron gaɓa. Kowace rigar ceto sai na ja maɗaurinta da hannuna, don rana da gishiri suna cinye zare ta ciki, riga tana da kyau a ido alhali ta ruɓe. Gilashin ido da bututun numfashi an wanke su. Akwatin magani yana wurinsa, da flas na ruwan zafi saboda wanda ya taka ƙayar teku. Sannan tayar ceto da doguwar igiyarta, a naɗe yadda in ka jefa ba za ta harɗe ba. Kuma daga lokacin da ƙafar baƙo na farko ta taɓa ruwa, ba ka da idon kallon kifi. Kawuna kake ƙirgawa, ka gama ka sake. Baƙon da ya sa fuskarsa a ruwa ya ga abin da ke ƙasa, ya manta da kai, ya manta da jirgi, ya manta da uwar da ta haife shi.

Akwai wata safiya da wani jagoran ɗalibai ya zo da mutanensa, washegari za su bar ƙasar. Na ji jikina bai yarda da iskar ba, na ce ba zan fita ba. Ya roƙa, ya yi fushi, ya kira Abu Faisal a waya. Abu Faisal ya ce masa maganar teku ta nahuda ce. Suka tafi ransu a ɓace. Kun san me ya faru? Ba abin da ya faru. Teku ta kwanta luf har magariba. Har yau mutumin nan, in yana tunawa da ni, a matsayin wanda ya cuce su yake tunawa. Wannan ma yana cikin aikin, kuma ba mai gode maka.

Nahuda ba ya barin jirgi, saboda haka dole a sami mai shiga ruwa tare da baƙi. Nawa shi ne Usmanu. Bahaushen Chadi ne, ɗan Injamena, a bakin kogin Shari ya girma, gidansu masunta ne. Magidanci ne, yana zaune a Sharafiyya da matarsa Habsatu da 'ya'yansu. Ban taɓa ganin mai iyo kamarsa ba. Ba ya dukan ruwa, shiga yake kamar ana zura zare a allura. Turancinsa bai wuce 'yan kalmomi ba, amma da hannu da usur yake magana, kuma kowa yana ganewa. In ya ga mai tsoro, sai ya ba shi gefen taya ya riƙe, ya ja shi a hankali har kan murjani, ya tsaya da shi har sai ya ga ya saki jiki. Shi ne kuma mai girkinmu. Sayadiyyarsa, shinkafar nan da ake dafawa da soyayyar albasa har ta yi duhu a ɗora mata kifi, akwai ɗaliban da suka koma gida suna aiko saƙo suna tambayar yadda ake yin ta. Ba ya kirana da suna. A jirgi "Nahuda" yake ce mini, a gari kuma "Yaya."

Mun yi shekaru tare. Sai mummunar shekarar ta zo.

Zafi aka yi irin wanda tsofaffi ma suka ce ba su saba da shi ba. Ruwan Abhur ya zama kamar wanda aka ɗumama don wankan jariri. Murjanin da ke kusa da gaɓa ya fara kwaɗewa. Wurin da muka saba kai baƙi, inda akwai ja da shuɗi da ruwan ɗorawa, ya koma fari fat kamar ƙashi, kifaye suka gudu zurfi. Wata rana Usmanu ya fito daga ruwa ya zauna a kan tsani ya ce, "Nahuda, ƙasan nan ya zama maƙabarta." Baƙi su leƙa su fito, babu abin kallo. Don haka duk jiragen baƙi muka koma fita nesa, sha'ab na waje, inda ruwa ya fi sanyi, murjani yana da sauran rai. Wurin yana da kyau, amma bayansa bango ne. Daga ruwan da bai wuce ƙirji ba sai ka faɗa zurfin da ba a ganin ƙasa, kuma ruwa yana ja a gefen bangon.

Ranar da abin ya faru, ɗalibai ne na ɗauka masu karatun halittun teku, tare da malamarsu Dakta Muna, mace mai natsuwa wadda ta sha fita da mu. Safiya ta yi kyau. A hanya ma abu salama suka biyo mu, manyan kifayen nan masu tsalle a gaban jirgi, ɗalibai suna ta ihu. Na ɗaure a kan yashi ta cikin sha'ab, gefen da ke da kariya. Usmanu ya miƙe ya nuna musu da hannu inda ruwa ya canja launi, Dakta Muna ta fassara musu: kada wanda ya ƙetare can. Rediyo ta ce azyab za ta taso, amma sai yamma, mu kuwa mun shirya barin wurin tun kafin nan. Usmanu ya ɗora shinkafa, ya bar mini ita, ya shiga ruwa da su.

Ba ta jira yamma ba. Da azahar na ji danshi a wuyana, na waiga kudu, na ga gindin sama ya yi ja. Na danna ƙaho, Usmanu ya busa usur, ya fara koro su wajen tsani. Suna hawa ina ƙirgawa. Biyu babu. Dakta Muna ce ta hango su, can bayan bangon, kawuna biyu suna ɓullowa suna ɓacewa. Wani ɗalibi ɗan Indunusiya, Rizki, ya bi kunkurun ruwa bai san ya ƙetare ba. Abokinsa Bajamushe, Matiyas, ya bi shi don ya dawo da shi, ruwa ya ja su duka. Da rigunan ceto a jikinsu, ba za su nutse nan take ba, amma ruwan yana tura su inda raƙuman ruwa suka fara fashewa a kan dutse. Wanda ya faɗa wurin, murjani zai yayyanka shi kamar an ja shi a kan fasassun kwalabe.

Ga abin da nake so ku gane. Ba zan iya tayar da injin ba, akwai sauran mutane a ruwa kusa da farfela. Ko da na tayar, tsakanina da su dutse ne, sai na zagaya ta mashiga, kafin nan an gama. Usmanu ya san wannan kamar yadda na sani. Ya hau tsani rabi ya miƙo hannu, na ba shi taya. Ya ce, "Nahuda, ƙara mata wata igiyar, wannan ba za ta kai ba." Na ƙulla. Ya yi bisimilla ya tafi.

Akwai wata 'yar tsaga a jikin sha'ab ɗin, faɗinta bai fi na ƙofar ɗaki ba. Ta nan ya bi. Ina sakin igiya, Dakta Muna ta ɗauki rediyo ta kira masu tsaron gaɓa ta gaya musu inda muke, sannan ta jera sauran ɗaliban a bayana, kowa ya kama igiya. Na ga ya isa. Na ga ya cusa hannun Rizki cikin taya, ya damƙo Matiyas ta wuyan riga ya ɗora shi. Ya ɗaga hannu. Muka fara ja.

Jan mutum cikin raƙuman ruwa ba ƙarfi ba ne kaɗai. In ruwa ya taso ka ja, in ya koma ka riƙe. In ka ja a lokacin da bai dace ba, kai ne za ka buga su da dutse. Ina cewa "Ja!" ina cewa "Tsaya!" da Hausa, waɗanda ba su taɓa jin Hausa ba suna bi. Tsagar ba ta ɗaukar mutum uku. Da suka iso bakinta, Usmanu ya saki tayar, ya koma bayansu, ya tura su ciki da kafaɗa. Suka wuce. Raƙumin da ya biyo baya shi ne ya ɗauke shi ya maka shi a kan dutsen, ya janye shi, ya sake makawa, sannan ya watso shi gefenmu.

Zuwa lokacin kowa ya hau. Na tayar da injin na matsa kusa, muka ɗauko shi, ni da wasu ɗalibai. Kansa ya fashe ta gefe, haƙarƙarinsa ya karye, yana numfashi da ƙyar. Dakta Muna ta naɗe masa kai da tawul tana dannawa. Ya buɗe ido ya ce, "Nahuda, sun cika?"

Na ce, "Sun cika, Usmanu."

Ya ce, "Alhamdu lillahi. Shinkafa tana kan wuta."

Na ce masa an sauke.

Jirgin masu tsaron gaɓa ya tare mu a hanya, suka ɗauke shi, don nasu ya fi gudu. Ni na kawo sauran a hankali, azyab tana dukanmu. Rizki yana zaune a ƙasa ya haɗa kai da gwiwa.

Daga Abhur ban tsaya canja kaya ba, na nufi Sharafiyya. Habsatu ce ta buɗe ƙofa, hannunta da kumfar wanki. Ta dubi bayana ta ce, "Yaya Idrisa, lafiya? Ina shi?" Na ce ta ɗauko mayafi, yana asibiti, yana da rai. Ba ta ƙara tambaya ba. Ta iske shi, ya gane ta, sun yi magana kaɗan. Washegari da hantsi Allah ya karɓi abinsa.

An yi masa sallah bayan la'asar. Mutanen Chadi da na Nijar da namu na Sudan sun cika masallaci, nahudojin Abhur suka ɗaure jiragensu suka zo. Ɗaliban ma sun zo. Rizki ya sa kafaɗarsa a makara, ya ƙi ba kowa wurinsa har maƙabarta. Matiyas ba Musulmi ba ne, ya tsaya daga waje cikin rana har aka gama. Da na fito ya kama hannuna ya yi ta magana da yarensu. Ban ji ko kalma ɗaya ba, na dai bar masa hannun.

Aka ɗaure jirgin don bincike. Haka doka take in an rasa rai, kuma daidai ne. Aka kira ni, aka kira Abu Faisal, aka kira Dakta Muna, aka duba riguna da rediyo da igiya. A ƙarshe aka ce ba a sami sakaci ba, amma kafin a kai nan lokacin baƙi ya wuce. Watannin nan a Bangala na yi su, da furfurata, ina kankare ɓawon kifi ina fasa ciki ga masu saye. Wasu nahudojin a shekarar suka bar aikin gaba ɗaya, wani ya koma tuƙin mota, wani ya koma ƙasarsu. Na je Bagdadiyya gai da Ammu Salim, lokacin idonsa ya riga ya tafi. Ya sa na ba shi labarin tun daga farko, yana tsayar da ni yana tambaya: a ina ka ɗaure, ta ina rana take, wane ƙulli ka yi wa igiyar. Da na gama ya ce, "Allah yarhamu. In an saki jirgin ka fita, ya Idris. Baƙi za su zo ko da kai ko ba kai. Gara da kai."

Iƙamar Habsatu da ta yaran, wato takardar izinin zama, a kan ta Usmanu take. Da ya rasu, zamansu a ƙasar ya ƙare. Abu Faisal ya yi ƙoƙari, aka ba ta lokaci har ta fita takaba. Jama'a suka haɗa abin da ya sawwaƙa, iyayen ɗaliban nan biyu ma sun aiko da nasu. Amma komawa Injamena ba makawa. Ana saura 'yan kwanaki su tafi, lokacin an riga an sakar mana jirgi, ƙanenta ya zo ya same ni ya ce tana son magana da ni.

Na iske ta zaune a tsakiyar kaya, duk an ɗaɗɗaure. Bayan mun gaisa ta ce, "Yaya Idrisa, alfarma nake nema. Duk shekarun nan da na yi a garin nan ban taɓa hawa jirginku ba. Teku daga Kurnish nake ganinta, shi ma sai ranar sallah. Ina so ka kai ni wurin."

Na ce, "Wurin da abin ya faru?"

Ta ce, "Wurin da yake aiki."

Na nemi izinin Abu Faisal, na karɓo tasrihi. Muka fita da safe, ni da ita da ƙanenta da yaran. Sanyi ya shigo, shamal tana busawa a hankali. Na sa wa kowa riga. Ta zauna hannunta a kan cinya, tana kallon gari yana ƙanƙancewa a bayanmu har muka isa.

Na ɗaure a kan yashin nan. Akwai wani bokiti mai gindin gilashi da muke ajiye wa tsofaffin da ba sa shiga ruwa. In ka danna shi a kan ruwa ka leƙa, kana ganin ƙasa tar. Na riƙe mata shi a gefen jirgi, ta durƙusa ta leƙa. Ruwa ya huce a watannin, murjanin wurin ya fara murmurewa. Ga ƙananan kifaye masu ruwan ɗorawa da shuɗi suna kaiwa da komowa, ga wani babban harid yana gwaguyar dutse. Ta daɗe. Hannuna ya gaji na canja hannu, ba ta ɗago ba.

Da ta ɗago ta gyara mayafinta ta ce, "Ashe gaskiya yake faɗa. Kullum in ya dawo sai ya ce mini akwai lambu a ƙarƙashin ruwa, ni kuwa in ce masa ya cika zuzuta abu, ya je ya wanke hannu ya ci abinci." Sai ta juya wajen yaran ta ce, "Ku zo ɗaya bayan ɗaya. Ku duba da kyau, don in an tambaye ku a gida me Babanku yake yi a Jidda, ku san abin da za ku ce."

Suka leƙa duka, har ƙaramar, kawunta yana riƙe da ita ta baya. Sannan muka ɗaga hannu muka yi masa addu'a. Ta shafa ta ce, "Halas, Yaya. Mai da mu."

Na ɗaga anga na mai da su. Ranar da jirginsu ya tashi ban samu raka su ba. Ina da ɗalibai daga Malesiya, kuma sabon mai shiga ruwan da aka ba ni bai san tsagar ba tukuna, sai da na kai shi na nuna masa.